Akwatin da bai san abin da ke cikinsa ba

A ofishin zanen da na koyi aiki a Kaduna, a shekarar 1984, reza aka fara miƙo mini tun kafin a yarda in taɓa alƙalami. Maigidana ya zaunar da ni gaban wata faffaɗar takarda mai shara-shara, irin wadda ake hango abin da ke ƙarƙashinta, ya nuna mini wani akwati da aka zana da baƙar tawada, ya ce in kankare shi kada in huda takardar. Taswirar tsarin ma'aikata ce: darakta a sama, mataimakansa a ƙasa, sassa kuma kowanne an zagaye shi da layi. An ɗauke wani sashe daga hannun wani mataimaki an ba wani. A bakin darakta, maganar minti ɗaya ce. A teburinmu kuwa kwana uku ta ci, domin akwatin sashen daban yake, sunayen mutum goma sha bakwai da ke cikinsa daban, layukan da suka haɗa su daban, kuma kowanne sai an kankare shi an sake zanawa da alƙalamin Rotring, a jira tawada ta bushe, sannan a kai wa mai injin amoniya ya fitar da kwafi mai warin da ke sa hawaye.

A waɗannan kwana ukun na gane cewa akwatin da muke zanawa bai san kowa ba. Layi huɗu ne kawai. Idon mai kallo ne ke cewa wane ɗan wannan sashe ne tunda sunansa ya faɗo cikin layukan, amma ita takarda babu ruwanta. Maigidana ya san haka sarai, har ma yana cin moriyarsa. Akwai wani dattijon masinja da ke yi wa sassa biyu aike, sashen kuɗi da sashen sito, kuma shugabannin biyu kowanne na cewa nasa ne. Da na tambaya ina zan sa shi, maigida ya karɓi alƙalamin ya rubuta sunan a daidai kan layin da ya raba akwatunan biyu, rabi nan rabi can.

"Malam, ai ba a san na waye ba ke nan," na ce.

"Yaro, kai dai bar shi nan. Kowa ya duba zai ga nasa."

Dabarar zagaye abu da layi don a ce ga danginsa ta girmi ofishinmu nesa ba kusa ba. Leonhard Euler, masanin lissafi ɗan ƙasar Suwizalan, yana zaune a Balin ya riƙa rubuta wa wata gimbiyar Jamus wasiƙu yana karantar da ita, aka fara buga su a 1768. Da ya iso kan manɗiƙi sai ya koma zana da'irori. In kana so ka nuna duk rago dabba ne, sai ka zana ƙaramar da'ira a cikin babba, in kuma abu biyu sun yi tarayya a wani ɓangare sai da'irorin su shiga juna. John Venn na Kambirij ya gyara tsarin a 1880, shi ne wanda yaranmu ke zanawa a darasin lissafi har gobe. Masinjanmu, da a hannun Euler ya faɗa, da ya samu wurin zama na halal, wato inda da'ira biyu suka haɗu.

Masu tafiyar da ma'aikatu ba ta nan suka fara ba. Taswirar ma'aikata da ake yawan ambata a matsayin ta farko ita ce wadda Daniel McCallum, shugaban gudanarwa na kamfanin jirgin ƙasa na New York and Erie, ya sa aka zana a 1855, da hannun wani injiniya mai suna George Holt Henshaw. Na ga hotonta, kuma duk wanda ya saba da irin namu zai yi mamaki. Itace ce sosai. Shugabannin kamfanin suna ƙasa a matsayin saiwa, layukan dogo sun miƙe sama kamar rassa, ma'aikatan tashoshi kuma sun yi cincirindo a jikinsu kamar 'ya'yan kanya. Wanda yake na wani reshe, an san shi ne don yana rataye a jikin reshen. Daga baya aka kifar da itacen, manya suka koma sama, akwatuna suka maye gurbin ganye. Ban taɓa daina jin cewa ta McCallum ta fi faɗin gaskiya ba, amma wannan zance ne na wata rana.

Sai Frank Gilbreth, wanda da magini ne mai jera bulo, shi da matarsa Lillian. A 1921 suka gabatar wa ƙungiyar injiniyoyin kanikanci ta Amurka hanyar zana tafiyar aiki mataki-mataki, don a ga inda lokaci ke zubewa. A 1947 ƙungiyar ta tsayar da alamomi biyar: da'ira ga aikin da ake yi, kibiya ga ɗaukar abu daga nan zuwa can, murabba'i ga dubawa, harafin D ga jira, mai kusurwa uku ga ajiya. A wannan shekarar dai, a Firinston, Herman Goldstine da John von Neumann suka fitar da nasu salon na zana yadda lissafi zai gudana a cikin kwamfuta kafin a rubuta mata umarni. Daga nan sana'ar ta samu kayan aikinta da kowa ya sani, wato ɗan faranti na roba mai ramuka, kowane rami da siffarsa, ka ɗora a takarda ka bi da fensir. Kamfanin IBM ya raba irinsa ba adadi. Nawa kore ne, gefensa ya ɗan fashe, yana nan cikin durowa tare da tsofaffin makullan da ban san ƙofofinsu ba.

Duk wannan zamani hankalin masu sana'ar yana kan kibiya ne, me ke bin me. Tambayar me ke cikin me ba ta dami kowa ba, tunda a takarda ido ya isa.

Da zane ya koma cikin kwamfuta sai aka ga ido bai isa ba. Ivan Sutherland, yana ɗalibin digirin digirgir a jami'ar MIT, ya nuna manhajarsa Sketchpad a 1963, a kan wata ƙatuwar kwamfuta mai suna TX-2, yana zane a fuskar gilashi da alƙalamin haske. Abin da ya fi burge ni a aikinsa shi ne zanen yana riƙe da alƙawari. In ka ce layi biyu su tsaya tsayi ɗaya, ko ƙarshen wannan ya manne da na wancan, to ko ka ja ɗaya, ɗayan zai biyo. In ka yi uwar siffa ka haifi kwafi goma daga gare ta, gyara uwar ya isa, 'ya'yan za su gyaru. Wannan a 1963 ke nan, shekara ashirin da ɗaya kafin ni in zauna ina kankare takarda da reza.

Abin da ya fara isowa teburin ma'aikaci irina bai kai nan ba. Manhajoji irin MacDraw, wadda ta fito a 1984, sun zo da umarnin da ni nake kira dami. Ka zaɓi siffofi goma, ka ɗaure su, su zama abu guda, in ka ja su tafi tare. Kuma dami ne na gaske, da alherinsa da wahalarsa. Wanda ya taɓa neman zangarniya ɗaya a tsakiyar damin gero ya san sai ya kwance igiya, in ya ciro kuma sai ya sake tattarawa ya ɗaure. Ma'aikaci ɗaya ya samu canjin wurin aiki, sai ka kwance sashen duka, ka cire shi, ka sake zaɓar sauran ɗaya bayan ɗaya, kuma ba wuya ka manta da wani a baya.

A daidai wannan lokaci wani masanin kwamfuta a Isra'ila, David Harel na cibiyar Weizmann, yana zama da injiniyoyin da ke ƙera na'urorin jirgin yaƙin Lavi. Matsalarsu ita ce halayen da na'ura ke iya shiga sun yi yawa, kibiyoyin da ke tsakaninsu sun zama kamar saƙar gizo. Abin da ya fito da shi, ya wallafa a 1987, shi ne akwati cikin akwati, kuma akwatin waje yana da ma'ana ta kansa. Da agogon hannu na Citizen ya buga misali. Agogon na iya kasancewa yana nuna lokaci, ko kwanan wata, ko ana saita ƙararrawa, ko yana ƙirga daƙiƙu, kuma a kowane hali in aka zare batir ya mutu. Maimakon kibiya daga kowane hali zuwa mutuwa, sai ka zagaye su duka da akwati ɗaya mai suna rai, ka ja kibiya ɗaya tak daga bangonsa. Duk wanda ke ciki hukuncin ya hau kansa. A ganina nan ne akwati ya fara aiki da kansa, ya tashi daga ado. Shekara uku bayan haka Geary Rummler da Alan Brache suka fitar da littafinsu kan gyara ayyukan ma'aikatu, wanda ya yaɗa zanen da ake raba takarda gida-gida, kowane sashe da nasa zirin, aiki na tsallakawa daga wannan zuwa wancan. Turawa na kiran ziraran da sunan layukan masu gasar ninƙaya. Ni kunyoyin gona nake gani. Hujjar mutanen biyu ita ce aiki ba a cikin akwatunan taswira yake lalacewa ba, a farin filin da ke tsakaninsu ne, inda fayil ya bar hannun wani bai isa hannun wani ba. Duk wanda ya taɓa bin takardar fansho ba ya bukatar a yi masa sharhi.

Manhajar Visio ta fito a 1992 daga wani ƙaramin kamfani a Siyatil mai suna Shapeware, wanda tsofaffin ma'aikatan Aldus, masu PageMaker, suka kafa. Dabararsu ita ce su ɗauki farantin robar nan su sa shi a gefen fuskar kwamfuta, ka jawo siffa daga cikinsa ka sauke a takarda. Kuma kibiyarsu tana da danƙo: in ka manna ta a jikin akwati, duk inda ka kai akwatin tana biye. Microsoft ta saye kamfanin a shekarar 2000 a kan kusan dala biliyan ɗaya da rabi. Ranar da na fara ganin kibiya na bin akwati da kanta, na tuna yatsuna da reza ta sha yanka, na yi shiru na ɗan lokaci.

Amma babban akwatin da ke zagaye sashe yana nan da jahilcinsa. Yadda muke yi shi ne mu zana murabba'i, mu shafa masa launi mai haske, mu tura shi bayan sunayen. A ido ya yi kyau. A 2005 wannan ya kunyata ni a bainar jama'a. Ana taron manyan ma'aikatar da nake wa aiki a lokacin, an haska taswirata a bango da majigi, sai shugaban ya ce a matsar da sashen binciken kuɗi gefen hagu ya gani. Na kama akwatin da linzami na ja. Akwatin ya tafi, mutanensa suka tsaya inda suke tsirara, shi kuma ya je ya sauka a kan ma'aikatan sito. Na minti ɗaya, a bangon ɗakin taro, masu riƙe da makullan sito su ne masu binciken kansu. Wani daga baya ya ce, "To, an ba kura ajiyar nama." Aka kwashe da dariya, ban da shugaban sito.

"Ranka ya daɗe, a ba ni minti biyu," na ce, ina gumi, ina jan sunaye ɗaya-ɗaya.

Sai a Visio ta 2010 aka kawo abin da suka kira kwantena. Kalmar a wurinmu ta riga ta zama ta shagon ƙarfe na bakin kasuwa, don haka ni mazubi nake cewa. Shekara goma sha takwas ke nan tsakanin kibiyar da ta san inda ta manne da akwatin da ya san abin da ya ɗauka, a manhaja guda. Masu rubuta manhaja sun riga mu samun irin wannan a kayan aikinsu, amma mu 'yan ofis a nan muka fara ganinsa.

Bambancin mazubi da dami shi ne bambancin kwando da igiya. In ka jawo siffa ka kawo ta kansa, bakinsa zai yi haske, alamar ya karɓe ta. Daga nan in ka ja shi, ita ma ta tafi. In kana son ta fita, ka kama ta kai tsaye ka fitar, babu abin da za a kwance. In ka ajiye wata a gaɓarsa wuri ya yi kaɗan, yana iya buɗewa ya ba ta fili, kuma kana iya ce masa ya tsuke daidai kayan da ke cikinsa. Yana da wurin rubuta suna a goshinsa. Ana iya kulle shi, ba shiga ba fita. Ana iya sa mazubi cikin mazubi, sashe cikin reshe cikin ma'aikata, yadda Harel ya yi da agogonsa. Abu ɗaya ne ya kusa kashe ni da farko: in ka goge mazubi, da kayansa yake tafiya. Na share ma'aikata arba'in da latsawa ɗaya, sai maɓallin komawa baya ya cece ni. Akwai umarni daban na rushe mazubin a bar mutanen, sai da na sha wuya na nemo shi.

Da na leƙa bayan fage na ga abin bai kai yadda nake zato ba. Kowace siffa a Visio tana da wani allo a ɓoye mai gidaje kamar na Excel, inda aka rubuta tsawonta da faɗinta da halayenta. Gida ɗaya ne a ciki, mai suna User.msvStructureType, ke gaya wa manhajar cewa wannan siffa mazubi ce. Ka ƙara shi a jikin kowane murabba'i, ya zama mai hankali. Kwana ukun da na yi da reza, ashe layi ɗaya na rubutu ne ya raba ni da su.

Jeri kuma ɗan'uwan mazubi ne da aka ƙara wa ladabi. Mazubi ya san waɗanda ke cikinsa amma bai damu da inda kowa ya zauna ba. Jeri ya san na ɗaya, ya san na biyu, ya san na ƙarshe, kuma shi ke zaunar da su. Sahun salla ne. In wani ya fita daga tsakiya, sauran su matso su cike gurbin, in kuma aka kawo wani aka sa tsakanin mutum biyu, su buɗa masa. A Visio wata 'yar alama mai kusurwa uku takan bayyana a gefen jerin tana nuna inda sabon zai shiga. Kunyoyin gonar nan na Rummler da Brache ma haka aka sake gina su a 2010: jeri ne na mazubai, kowace kunya mazubi ce, shi ya sa in ka ɗaga ta uku ka kai ta sama, take tafiya da duk ayyukan da ke cikinta, sauran su sauko. Masu tsara manhaja da rumbun bayanai su suka fi kowa cin amfanin jeri, domin akwatinsu tun asali jeri ne. A tsarin zanen UML, wanda aka amince da shi a 1997, akwati kashi uku ne: suna a sama, siffofin abin a tsakiya, ayyukansa a ƙasa, kuma kullum cikin ƙari da ragi ake.

Mu a ofis wani amfanin muka gani, wanda ban yi zaton mutanen Siyatil sun yi tunaninsa ba. A wurinmu sunan wa ke sama da na wa ba ƙaramar magana ba ce. Na ga an daina gaisawa saboda an sa wanda aka ɗauka aiki a watan Maris a saman wanda aka ɗauka a Janairu. A zamanin tawada, in aka yi wa na bakwai ƙarin girma ya koma na biyu, duk na tsakani sai an kankare su. Yanzu ka ɗaga shi ka sauke, jerin ya gyara kansa, sai dai fushin wanda aka tsallake, wannan kam yana nan yadda yake.

Bara 'yata, wadda ke karatun kwamfuta, ta zo hutu tana zane a draw.io, manhajar da ake buɗewa a intanet kyauta, wadda yawancin 'yan ajinsu ke amfani da ita tunda Visio sai da kuɗi. Ita ma tana da mazubi da jeri da kunyoyi. Na ɗauko tsohon kwafin amoniyan nan na 1984, ya yi ja-ja-ja saboda shekaru, na ce mu sake zana shi mu gani. Komai ya tafi daidai cikin rabin awa, har muka iso kan masinja.

"Baba, wannan fa? Sunansa a kan layi yake."

Na ce ta sa shi a duka biyun. Ta jefa shi cikin sashen kuɗi, ya shiga. Ta ja shi zuwa sito, ya shiga can, amma ya fita daga kuɗi. Ta bayyana mini cewa a draw.io kowace siffa uwa ɗaya gare ta, kamar fayil a cikin jaka, ba ta zama a gida biyu. Visio ba haka take ba, a can zama cikin mazubi dangantaka ce da ake rubutawa, don haka in mazubai biyu sun shiga juna, siffar da ke tsakani tana iya zama ta su duka, kamar da'irorin Euler, har ma ana iya ɗora ta a kan bango. Na buɗe tawa kwamfutar na gwada. Na latsa sunan dattijon, bakin akwatunan biyu suka yi haske a tare.

Ta tambaye ni to shi a gaskiya na wane sashe ne. Na ce mata har ya bar aiki ba a yanke ba. Abin da na sani, ranar da ya yi ritaya sashen kuɗi sun yi karo-karo sun saya masa agogon bango, 'yan sito ma ba su san da wannan ba suka saya masa nasu, ya ɗaure su biyun a bayan kekensa ya tafi gida.